Warin Roba

Warin ƙonanniyar roba ne ke riga mijinta shigowa gida. Aikinsa ke nan, narka tsofaffin bokitai da jarkoki a masana'anta. Da rana shi da abokan aikinsa sukan jera robobin abincinsu a kan murfin injin, su yi zafi har gindinsu ya lotsa, su ci suna yaba dabararsu.

Ita kuwa aikinta shan magani. Tun da aka yi auren ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, surukarta kuma ba ta gaji da ɗura mata jiƙe-jiƙe ba. Da baƙi sun zo sai tsohuwar ta nuna ta da haɓa: "Ga ta nan, ci kamar gara, ciki kamar faranti."

Da ƙyar ta lallaɓa shi suka je asibiti tare. Bayan an yi musu gwaji, likita ta duba sakamako, ta dube shi.

"Matarka lafiyarta ƙalau. Ƙwayoyin haihuwarka ne suka yi ƙaranci. Mece ce sana'arka?"

Ya faɗa, har da zancen ɗumama abinci.

"Ba zan rantse ba, amma akwai sinadaran da roba ke saki in ta ji wuta, suna rikita jikin namiji. Ka daina ɗumama abinci a roba, mu fara magani."

Suka kama hanyar gida. Tausayinsa ya kama ta, wai ita ce ma da lallashi.

"Maigida, ba kai ka ɗora wa kanka ba. Ka dai faɗa wa Mama, ko na samu in huta."

Ya gyaɗa kai.

Suka tarar da tsohuwar a falo ta kasa ta tsare, ƙannensa mata biyu a gefenta.

"To, me aka ce yana damunta?"

Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi. Matarsa ta zuba masa ido.

"An ce... a ƙara haƙuri da ita, Mama. Ni dai ba zan rabu da ita ba."

Tsohuwar ta share ƙwalla. "Kun ji ɗan albarka! Da wani ne da tuni ya yi waje da kayanki. Ke, kin tsaya ƙerere! Durƙusa ki gode masa."

Ta so ta fasa gaskiya, amma wa zai yarda da ita a ɗakin nan? Ba ta taɓa tsanar mutum haka ba. Gwiwoyinta suka taɓa siminti.

"Na gode, Maigida."

"Ba komai," ya ce.