Jan Motar Baba

Auta na kwance rigingine a ƙarƙashin hancin tsohuwar motar mahaifinsa, yana zura sarƙa a ƙugiyar ja, sai ya ji an buɗe ƙofa an rufe. Motar ta ɗan nutsa a samansa. Ko da ya fito yana kakkaɓe riga, ya tarar Baba ya zauna a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari.

"Baba, a gaba za ka zauna tare da mu."

"Wa zai riƙe wannan? Aljani?"

Makanikin da ya yi alkawarin riƙe sitiyarin ya bugo waya da safe cewa matarsa na naƙuda. Tafiyar kilomita ɗari uku ce da 'yan kai zuwa gidan Auta, inda Baba zai koma da zama. Motar da ake ja da sarƙa kuwa dole a samu mai juya sitiyari da taka birki, ko da injinta ya mutu, kamar yadda na wannan ya mutu shekara biyu da suka wuce.

Yaya, babbar 'yar Baba, ta tako da jakar magungunansa a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kai shi wurin likitan ido.

"Baba, agogon bango ba ka gani. Jiya rigar da aka rataye ka gaisar."

"Ta fi wasu tsayawa su saurare ni," in ji Baba. "Farin abin nan da ke gabana taku huɗu, ina ganinsa. Shi kaɗai ake so in gani. Shekara arba'in ina jan tirela, yau za a koya mini bin bayan a-kori-kura?"

Babu yadda suka iya. Yaya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Kayan Baba duka suna ɗaure a bayan a-kori-kurar, an kuma miƙa makullin gidan ga masu shiga. Baba ko ya rantse inda motar ta kwana nan zai kwana. Suka tsayar da magana: ba za a wuce arba'in ba, oda ɗaya a rage gudu, oda biyu a tsaya.

Awa guda ta farko Auta ya fi kallon madubi a kan kallon hanya. Ya sha jan motoci, ya san halin sarƙa: ta saki, ta ja ƙasa, ta fizge ka har wuya ya amsa. Wannan karon tana miƙe kamar igiyar shanya. A cikin madubi yana hango farar hular Baba da gwiwar hannunsa a kan taga, kamar mai zuwa gaida aboki.

"Yaya, kin tabbata abin da likita ya ce?"

"Ni na riƙe takardar. Na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan."

"To duba nan."

Ya duba gaba da baya, babu kowa, ya ɗan taɓa birki ba gaira ba dalili. Sarƙar ba ta ko yi ƙara ba. Ya sake bayan ɗan lokaci, haka dai. Har ma ya ga kamar motar baya ke fara ja da shi kafin ƙafarsa ta kai ga birkin.

"Ka daina wasa da tsoho," in ji Yaya, amma ita ma ta juya tana leƙe.

Bayan tsakar rana suka shiga wani dogon gangare mai kwana. Tun daga sama Auta ya ji an riƙe shi ta baya, gudun yana raguwa ba da izininsa ba. Oda ta yi ƙara sau ɗaya. Bai gama tambayar kansa dalili ba suka karya kwanar, sai ga babbar motar katako a gicciye, ta cinye hannunsu gaba ɗaya. Ya danne birki da dukan ƙarfinsa, ya ƙanƙame sitiyari yana jiran duka daga baya.

Dukan bai zo ba. Suka tsaya cak, warin birki ya cika wurin. Yaya ta saki numfashin da ta riƙe.

Da aka ba su hanya suka lallaɓa zuwa gidan man da ke gindin gangaren. Auta ya zagayo ya durƙusa a tagar Baba.

"Baba, fitilar birkina kake gani?"

"Wace fitila?"

Auta ya sa Yaya ta danna birkin, shi kuma ya tsaya a baya. Ko ɗaya ba ta kawo ba. Igiyar da ya ɗaure kaya da ita ta tsinke wayar, tun kafin su bar ƙofar gida. Ya ɗauko filaya yana haɗa wayar, gumi na ɗiga daga gemunsa mai furfura.

"To da me kake bi na?"

"Da kunne. Me ya sa ka ga na sauke gilashi? Kafin ka taka birki kana ɗaga ƙafa daga totur, ka ƙirga biyu. Injinka ke gaya mini. Ni na koya maka hakan, da ranƙwashi."

"Motar katakon fa? Ni mai ido ban gan ta ba."

"Mun daɗe ba abin da ya wuce mu ta ɗaya hannun. Sai ga su guda shida a jere, kowa na rarrafe. In ka ji haka, wani abu ya tare hanya a gaba, bi da bi ake wucewa."

Yaya ta miƙa wa Baba ruwa da ƙwaya biyu. Auta ya zauna a bakin dakali. Akwai tambayar da ke cinsa tun watan jiya, ya ga yau ce ranarta.

"Baba, motar nan ba za ta tashi ba. Makanikai uku sun faɗa. Me za ka yi da ita?"

Baba ya haɗiye maganin, ya shafa fatar kujerar da ke gefensa.

"Ɗakin da ka gyara mini, na ji an ce yana da kyau. Amma naka ne. Matarka za ta shigo shara, yara za su shigo neman abin wasa, ni kuwa sai godiya. Wannan tawa ce. In na shiga na ja ƙofa, duk mai son magana da ni sai ya ƙwanƙwasa."

Da ma Auta ya shirya ajiye ta a bayan shagonsa na tayil, nesa da gida. Ya koma kan wayar da yake haɗawa yana lissafin faɗin inuwar da ke cikin harabar gidansa, ko za ta ɗauki mota in ya fitar da tasa waje.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shigo unguwa. A bakin layin gidan oda ta yi ƙara sau biyu. Auta ya tsaya ya fito.

"Na ji kan motar ya sunkuya," in ji Baba. "Layin naku gangare ne?"

"Kaɗan. Har ƙofar gida."

"Gida na nawa?"

"Na bakwai, hannun dama."

"Kwance sarƙar."

Yaya ta fito da sauri. "Baba, don Allah. Mun zo lafiya, mu ƙarasa lafiya."

"Jikokina suna bakin ƙofa, ina jin hayaniyarsu. Ba zan shiga gidan ɗana a ɗaure kamar akuya ba."

Auta ya dubi layin. Babu mota, babu kowa a tsakiya. Ya dubi Yaya. Ta gyara mayafinta ta yi gaba da ƙafa, ta tattara yaran gefe ta wangale ƙofar gidan.

Ya kwance sarƙar, ya matsar da a-kori-kurar, ya dawo ya dafa tagar Baba ya ɗan tura. Tayoyin suka fara juyawa a hankali, babu ƙarar komai sai tsakuwa. Yana tafe a gefe yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa yadda Baba kaɗai zai ji.

"Huɗu. Biyar. Akwai kwata a dama. Shida. Yanzu."

Baba ya murza sitiyarin, motar ta shige tsakiyar ƙofar ba ta gogi komai ba, ta tsaya a cikin inuwa. Ya ja birkin hannu, ya zare makulli ya sa a aljihu. Matar Auta ta durƙusa a bakin tagar.

"Sannu da zuwa, Baba. Yaya hanya?"

"Hanya lafiya lau, 'yata," in ji shi. "Sai dai na gabana ba ya sauri."