Tukunyar da Ba a Sauke Ba

Daren jiya, bayan na gama juye-juye a kan tabarma a shagon ƙanena, barci ya sace ni na yi wani mafarki. Na gan ni a garinmu, Tungar Dunya, sai dai an ce mini shekara dubu ta wuce da barinmu shi. Ban yi musu ba, don ko a farke haka nake jin kwanakin nan.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama. Kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a ciki kamar mai shiga kwalekwale. Ni ba ni da lema, don haka wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

An zagaye garin da igiya. A bakin igiyar akwai tebur, a bayan teburin wani bunsuru ne zaune da tabarau, yana karanta takarda yana cinye inda ya gama karantawa. A samansa an kafa allo: Cibiyar Tambayoyin da Ba Su da Amsa.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Ni malamin firamare ne, kuma Allah ya jarabce ni da son abin da ba a gane kansa ba. Yadda tsofaffin Misirawa suka ɗaga duwatsun dala, dalilin da ya sa in mutum ya yi hamma na kusa da shi ma sai ya yi, yadda shamuwa ke gane hanyar gida kowace damina ba tare da ta tambayi kowa ba. In na fara irin wannan hira a aji, sai a kaɗa ƙararrawar tashi ban ji ba. Matata Kuluwa takan ce, "Malam, kana can Masar kana ɗaga duwatsu, ga katangar bayan gida ta zube tun bara." In yi dariya, in ce mata ilimi ba ya son gaggawa.

Bunsurun ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan kallo ne kai, ko kayan tarihi?"

"Ni ɗan garin ga na, ranka shi daɗe. Sallau sunana."

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Mutanen garin nan sun ɓace, ba wanda ya san dalili. A kan haka muke cin albashi. Biyo ni."

Ya shiga gaba, warinsa ya biyo baya, ni kuma na bi warin. Ya nuna mini wani jirgin ruwa da aka tsinta a tsakiyar teku, kaya cike, ba ko mutum ɗaya a ciki. Ya nuna mini wani dutse daga hamada da aka zana shanu da raƙuman dawa a kai, a wurin da yanzu ko ƙadangare sai da guzuri. Ya kai ni gaban wani tulu, ya ce a ciki suka adana abin nan da masana suke cewa ya cika sararin samaniya amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Na leƙa ban ga komai ba.

"Ka gani ko?" in ji bunsurun. "Kai ma ka tabbatar."

Sai kawai na gan mu a tsakar gidana. Ɗakuna sun zube, rumbu ya zama tsibin ƙasa, katangar bayan gida ce kaɗai a tsaye. A madafi kuwa murhu na nan da duwatsunsa uku, wuta na ci, tukunya na tafasa, ludayi a ciki. Miyar kuka ce. Tun daga ƙofa na ji daddawar ta yi yawa, kuma mace ɗaya na sani a duniya mai irin wannan hannun.

Awaki sun kewaye murhun, kowace da alƙalami a bayan kunne.

"Ga babban abin alfaharinmu," in ji bunsurun. "Tukunyar da Ba a Sauke Ba. Daga ƙasashe ake zuwa kallonta. Wace irin al'umma ce za ta ɗora miya, ta sa ludayi, sannan ta tashi gaba ɗaya ta ɓace?"

Ni na san wace iri ce. Ranar, gab da magariba, muka ji ƙarar babura daga yamma, da yawa, sannan harbi. Na goya tsohuwata a baya, muka bi mutane muka nufi rafi. Mun kusa fita gari Kuluwa ta tsaya ta ce, "Bari in sauke tukunya, kar ta kama." Ta juya da gudu. Tun daga ranar ban sake ganinta ba. Duk watannin nan ina gaya wa kaina cewa ta isa gida, ta sauke tukunyarta, ta bi wata hanyar, tana can wani gari tana cigiyarmu. Yanzu ga tukunya a kan wuta. Ashe ko madafin ba ta kai ba.

Wata tsohuwar akuya mai gemu, wadda suke kira Farfesa, ta yi gyaran murya.

"Bincikena ya nuna ruwa ne ya tafi da su. Sun fito ba lema, ya ɗauke su ya yi sama."

"A'a," in ji wata. "Ibada ce. Suna dafa wa taurari miya, sai su ɓuya don taurarin su ci a sake."

Wani ɗan taure daga baya ya ce shi a ganinsa ba a taɓa yin mutane a garin ba, tukwane ne suke dafa kansu. Aka tafa masa sosai, aka ce ya kawo sabon tunani.

Na ɗaga hannu kamar yadda nake koya wa yara.

"Ku gahwarce ni. Wagga tukunya ta matata ta. Ba ruwa ya kwashe mu ba, ba taurari. Mutane ne bisa babura, da bindigogi. Tun da rana munka ga alamarsu, munka kira waya, anka ce muna ga taimako nan tahe. Har yau yana tahe."

Farfesa ta matso ta shinshina gefen rigata.

"Wannan shaidar ɗanya ce," ta ce. "Ba ƙasa a jikinta. Mu ba ma aiki sai da abin da aka tono. Ka je ka mutu tukuna, a binne ka, in ka kwana biyu mu tono ka, sannan mu ji abin da haƙoranka za su ce."

Haushi ya turnuƙe ni, irin wanda ke hana mutum ko zagi. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina lashe baki a kan biranen da mutanensu suka watse ba a san dalili ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa a kowane birni akwai mai suna Sallau da ya san dalilin sarai ba, kuma wataƙila ya faɗa har muryarsa ta dushe.

"To na ji," na ce. "Ku bar dalilin. Abu guda nika tambaya. Ina Kuluwa?"

Awakin suka ja da baya kamar na watsa musu ruwan zafi.

"Subhanallahi," in ji bunsurun. "Malam, wannan tambayar tana da amsa. Akwai wanda ya sani. Mu nan ba ma taɓa irinta, tana ɓata mana kayan aiki. Tsallaka titi, akwai ofishin masu amsa."

Na tsallaka. Layi ne dogo, ya nannaɗe kamar igiyar guga. A gabana wani kai ne na yumɓu, irin waɗanda ake tonowa a ƙasar Nok, ba jiki, an ɗora shi a kan kujera, idanu a huje, baki a buɗe. Na gane shi, don na sha zana irinsa a allo ina gaya wa yara ba a san inda masu yin sa suka shiga ba.

"Baba, kai ma nan?" na tambaye shi.

"Na riga ka da kaɗan," ya ce. "Ka ga bakin nan a buɗe? Bayani nake yi aka sa ni a wuta."

"Yaushe suka buɗe ohis ɗin?"

"Jiya. Kullum jiya suke buɗewa."

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a jiya, a cikin ofishin. Kura ce a kan kujera, da babbar riga, tana sakace. A gefenta babura ne jere a kan benci, ba mahaya, injinsu da sauran zafi, ana zuba musu shayi a tanki. Na gane wani jan babur mai karyayyen madubi. Shi ne ya fara shigowa ta bakin kasuwarmu.

"Mun samu labarin abin da ya faru," in ji kura, "kuma mun yi Allah wadai. Wasu ne da ba a san ko su wane ne ba." Ta juya wajen jan babur ɗin. "Ɗan Ja, a ƙara maka sukari?"

"Ranki shi daɗe, ga su nan zaune."

"Waɗannan 'yan kwamitin bincike ne. Ka yi haƙuri, ka ci gaba da addu'a. In an gano wani abu za a sanar da kai shekaranjiya."

Baburan suka yi dariya. Dariyarsu irin ƙarar nan ce ta gab da magariba, sai na ji ƙafafuna suna neman rafi da kansu.

Sai ga ni kuma a madafi. Ruwan miyar ya ja baya, ƙauri ya fara tashi. Awaki sun jera kujeru suna sayar da tikiti, har an kawo 'yan makaranta, ana gaya musu su yi shiru kar su dami asiri.

Daga cikin tururin na ji murya, a hankali, irin ta mai aiki a bayan ɗaki.

"Malam, ka dawo daga Masar ɗin?"

"Kuluwa! Ina kike?"

"Sauke min tukunyar tukuna, ta kama. In ka sauke sai in hwaɗa maka."

Na tsallake igiyar da suka zagaye murhun da ita. Bunsurun ya yi ihu.

"Kar ka taɓa! In ka sauke ta, asiri ya ƙare. 'Ya'yanmu me za su ci?"

Suka yo kaina. Wannan ta kama gefen riga tana ci, waccan ta kama wando, Farfesa ta cafke maɓallin wuyana tana tauna tana cewa a rubuta a tarihi cewa ta yi gargaɗi. Ban kula su ba. Na nemi tsumman sauke tukunya ban gani ba, sai na cire hulata, wadda ita kaɗai ta rage a bushe a jikina, na naɗe hannu da ita. Na kama wuyan tukunyar. Na ji zafinta ya ratsa hular, na ji nauyinta, na ji gindinta ya rabu da dutse ɗaya, ya rabu da na biyu.

"Yawwa," in ji Kuluwa. "To saurara. Ina nan a..."

Ƙurr. Ƙurr. Ƙurr.

Na buɗe ido. Rufin kwanon shagon ƙanena ne a samana, gari ya waye, hulata na dunƙule a hannuna. A tsakar gida matar ƙanena ce ta tsuguna a bakin rariya tana kankare ƙanzon tukunyar jiya da cokali, tana yi wa 'yarta faɗa.

"Dubi yadda ta ƙone. Mutum ya ɗora tukunya ya tafi ya bar ta a kan wuta, sai ka ce wanda aka kora!"