Kafireton Verna

Verna Hudak ta ajiye kafireto na uku a kan teburin, ta goge hannu a jikin wandonta, ta ce, "Wannan ma ba shi ba ne."

"Mama, ko dubawa fa ba ki yi ba," in ji ɗanta Russ.

"Na taɓa shi. Ya isa."

Asabar ce, kasuwar tsofaffin kayan mota ta cika maƙil a filin gunduma, ko'ina ƙarafa ne da warin fetur da hayaƙin masu gasa tsiran alade. Duk wanda ya taso a wannan yanki na Ohio ya san jar motar Verna, ƙirar 1970, mai silinda takwas, wadda in ta taso daga gindin gada sai tagogin coci sun amsa. Tun farkon bazara motar take kwance a gareji, kafiretonta, mai haɗa wa inji fetur da iska, ya tsage. A makon ne kuma likitan ido ya faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: tsakiyar ganinta yana cinyewa, gwajin ido na direbobi na watan Oktoba da wuya ta haye shi. Daga nan lasisi ya tafi. Bazarar nan ce kaɗai ta rage mata a bayan sitiyari, kuma kwanaki suna ta wucewa motar tana shan ƙura.

Russ ba mugun ɗa ba ne. Mutum ne dai mai son komai ya zauna a inda takarda ta ce. Shi ya ja ta har teburin Orval, wani dogon tsoho mai gemun da taba ta rina, don ya ji labarin akwai abin da yake nema a wurinsa.

Orval ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya fito da wani abu naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya buɗe a hankali.

"Ga shi nan. Na asali. Lambar jikinsa ta dace da shekarar motarku, har watan da aka ƙera ta."

Russ ya haska lambar da wayarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Masu irin wannan mota suna da wata cuta, cutar lamba. Sai kowane noti ya zama wanda ya fito da ita daga masana'anta. Alƙalan gasar tsofaffin motoci har madubin likitan haƙori suke zurawa bayan inji don su karanta lamba. Motar da ta ci wannan jarrabawa ta gama hawa titi: a tirela ake kai ta, a turo ta da hannu a kan ciyawa, maigidan yana biye da tsumma.

"Yaushe zai hau mota?" Verna ta tambaya.

"To, Madam, sai an aika wa mai gyaransu ya sake masa launi da kayan ciki. Layi gare shi. Ki ce bayan Kirsimeti."

"Bayan Kirsimeti."

"Kuma in ya dawo ba a yawo da shi. Fetur yana ɓata launin."

"Ka ji ko, Russ? Kafireton da ke tsoron fetur."

"Mama, ki tsaya ki ji. In aka sa wannan, motar ta koma yadda take ranar farko. Masu tara motoci za su yi rububinta. Kuɗin zai biya gidan tsofaffin nan na bakin tafki da muka je gani, mai masu kula da mutum dare da rana..."

"Gidan da ake yanka wa mutum nama ƙanana kamar kyanwa? Na gani."

Ta ci gaba da laluben kayan teburin. A can ƙarshe hannunta ya faɗa kan wani baƙin kafireto, duk jikinsa tabon mai, kusurwa ɗaya ma an taɓa like ta. Ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Ta sa babban yatsa ta danna hannun totur a hankali, ƙofofi biyu na gaba suka buɗe. Ta danna har ƙasa, na baya biyu suka wangale tare da ƙara, ƙwas.

Fuskarta ta saki a karon farko tun safe.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne," in ji Orval. "Daga motata na cire shi da gwiwa ta hana ni taka kuloci. Na sake masa kayan ciki da hunturu, don kewa kawai. Amma Madam, wannan ba na zuwa coci ba ne. Shan mai gare shi kamar rami, kuma ba ya shawara. Kina takawa, ya buɗe duka." Ya juya wajen Russ. "Irin wannan ne babanka ya sa wa motar a da, ko? Halin mutanen wancan zamani ke nan, su cire na asali su jefar, yanzu 'ya'yansu suna bi kasuwa-kasuwa suna nema."

"Haka ne," in ji Russ. "Allah ya ji ƙan Baba, ya yi mana ɓarna."

Nan ran Verna ya ɓaci, ɓaci na gaske.

"Babanka? Babanka da ko filogi bai iya canzawa ba? Mutumin kirki ne, amma in na wuce motar madara sai ya rufe ido yana kiran Yesu. Ni na sayi motar nan da gumina, ina ɗinkin kujeru a masana'anta, tun kafin in san da shi a duniya. Ni na kwance na asalin da sifanata, a ƙofar gidan uwata. Sai ka taka shi ya tsaya yana tunani kamar mai neman izini. Na ba wani yaro shi, ya ba ni tayoyin baya biyu. Ban yi nadama ba ran nan, ban yi yau ba."

Orval ya tuntsire da dariya har da tari. Russ kuwa kunnuwansa suka yi ja.

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ka taɓa tambaya? Kowa ya ga mace da irin wannan mota sai ya hau neman mijin."

"Mama, lambar da ke jikin wancan ma ba ki iya karantawa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ga lokacin da kika kai shi kusa da ido kika ajiye."

Maganar ta same ta, don gaskiya ce. Ta shafa baƙin ƙarfen. Tsoro take ji, tun ranar da ta fito daga wurin likita take jin sa, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta zauna a falo ta jira duhu da hannu biyu a cinya ba.

"Shi ya sa ba zan jira Kirsimeti ba," ta ce. "In Oktoba ta zo suka ce in miƙa makulli, zan miƙa da hannuna. Daga nan ka sa mata abin da ka ga dama, ka goge ta da auduga. Amma yau tawa ce. Orval, naɗe min baƙin nan."

"A tawul?"

"A jarida. Ba jariri ba ne."

Ita ta rungumo shi har wurin ajiye motoci, ta hana Russ karɓa.

Da rana ta karkata sun ɗaura shi. Noti huɗun da ke riƙe shi da bututun mai da hannu ta san su, ba ta nemi taimako ba. Motar ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta kama da wani gurnani marar daɗi. Saura a daidaita ƙananan sukurori na gefe. Verna ta sunkuya da sukundireba, ta kai, ta kuskure. Ta sake kaiwa, bakin ya zame. Ta tsaya riƙe da shi, ba ta ɗago ba.

Russ ya matso. Ya kama bakin sukundireban ya zaunar da shi a cikin tsagar, ya janye hannunsa.

Ta rufe ido ta juya kaɗan, ta saurara, ta ƙara kaɗan. Gurnanin ya daidaita, ya koma ƙasa-ƙasa, har gwangwanayen fenti da ke kan kantar gareji suka hau rawa.

Ta rufe bonet ta shiga. Kafin ta sa giya, ƙofar ɗaya gefen ta buɗe, Russ ya zauna ya ja bel.

"Ina za ka?"

"Inda za ki."

Suka fita daga unguwa, suka hau titin da ya bi ta gonakin masara, miƙaƙƙe, ba kowa. Wani koren allo ya taso daga nesa. Russ ya kalli taga, ya yi magana kamar da kansa yake.

"Mahaɗa tana gaba, da sauran tafiya. Hanya a buɗe take."

"Na gani," in ji Verna.

Ba ta gani ba, kuma dukansu sun sani. Ta taka totur har ƙasa.