Amsar Zakiyya

Malam Iliyasu mutum ne mai son tsari, har abin ya kai ga ban haushi. Shekara talatin ya yi yana malamin gona kafin ya yi ritaya, shi ya sa da ƙungiyar manoman rani ta yankin Watari ta fara baje kolin shekara-shekara a garinsu, Ɗinya, shi aka ɗora a kai. Bara da aka tashi bai bar kowa ya tafi haka nan ba. Ya ɗauki littafi da biro, mai unguwa na biye da shi, ya bi rumfa-rumfa yana tambayar abin da ya yi da abin da bai yi ba. Masu albasa suka ce madalla. Masu injin ban ruwa da suka zo daga Kano suka ce Allah ya ƙara basira. Mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka sunkuyar da kai suka ce ba komai. Ya rubuta kaf, ya koma gida yana jin daɗi.

To bana saura kwana tara a buɗe, cikin rumfunan mata ashirin da biyu ba wadda ta aiko a rubuta sunanta. Shugabannin ƙungiya kuwa ba su yi masa ɓoye-ɓoye ba: 'yan kasuwar birni man gyaɗar matan nan ke kawo su, in mata ba su fito ba, baɗi a Shanono za a yi. Hankalin Malam ya tashi ƙwarai. Ya tambayi mazajen, kowa ya ce aiki ne ya yi wa mata yawa. Ya buɗe littafin nan ya fi sau goma, bai ga laifi ko ɗaya ba.

Da abin ya ishe shi sai ya tafi wajen yayarsa Safara'u, wadda duk Ɗinya ba wanda take shakka. Ya same ta tana matsar tunkuza, ya zayyana mata komai. Ko hannu ba ta tsame ba.

"Kai Iliya, da girmanka, da mai unguwa a bayanka, wace mace ce za ta buɗe baki ta ce maka ba ta da inda za ta kewaya?"

Ya yi turus. Ai ya haƙa makewayi, in ji shi. Ta ce ya haƙa mana, guda ɗaya, ƙofarsa na kallon inuwar da maza ke zaune suna jiran salla. Wa za ta ratsa gaban surukanta riƙe da buta? Sai matan suka ƙi shan ruwa tun hantsi har la'asar sakaliya, a ranar bazarar nan, don kada buƙata ta taso. Sallar azahar ma sai da suka koma gida suka rama.

Malam ya fara cewa ai wannan mai sauƙin gyara ne. Safara'u ta katse shi, ta tambaye shi ko ya tuna ciwon Zakiyya, matar ɗansa Ja'afaru. Ya tuna mana, zazzaɓi aka ce masa.

"Ba zazzaɓi ba ne. Jiri ne ya kwashe ta a hanyar gida ranar baje kolin, da jarka a kanta, ta faɗa magudanar ruwa. Cikinta na wata biyar ya zube. Ja'afaru ya sani, amma wa zai kalli idon ubansa ya faɗa masa?"

Bai san lokacin da ya zauna a kan turmi ba. Shekara guda cur yarinyar nan tana durƙusawa tana gaishe shi kullum safiya. Ya buɗe littafin, ya nemo shafin. Ga shi nan da rubutunsa mai kyau: Zakiyya, man gyaɗa, babu ƙorafi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Washegari da kansa ya yi dakon zana. Aka kewaye wa mata wuri a bayan rumfunansu, ƙofa ta kalli gonaki, aka sa randuna huɗu da tabarmin salla. Tambaya kuwa ya haƙura da ita. Safara'u da Malama Sa'adiyya ta Islamiyya suka shiga gida-gida ba littafi ba biro, suka kwaso ƙorafin da ya ninka tunaninsa, ya gyara abin da ya iya.

Ranar buɗewa mata goma sha biyar suka fito. Shugabanni suka ce ya wadatar, baje koli ya zauna a Ɗinya. Ana ta yi wa Malam barka, shi kuwa idonsa na kan rumfa ta uku, rumfar Zakiyya, inda Safara'u ke jera jarkokin da ba nata ba. Ya matsa, ya tambaya a hankali ko mai man tana tafe.

Safara'u ta ce ba za ta zo ba. "Na kai ta ta ga wurin jiya. Ta ce in gaishe da Baba, in ce masa komai ya yi kyau."