Matar da Ta Fito a Gefen Hoto

Mijinyawa mai hoto yana da shago a bakin tashar Gwarzo, amma rabin mako shagon a kulle yake. Wanda ya zo ɗaukar hoton fasfo sai mai shayin da ke gefe ya ce masa, "Ya shiga daji. Ka dawo ranar kasuwa."

Ba farauta ke kai shi ba. Kyamara yake ratayawa a wuya, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya nausa Kutama ko Gammo, wani lokaci har ya tsallaka ƙasar Katsina, don kawai ya ɗauki hoton fadama, ko duwatsu, ko gonar dawa idan hadari ya haɗo a bayanta. Ko a zamanin tsuke bakin aljihu, da fim ya yi wuya har abokan sana'arsa suka koma sayar da fetur a kwalba, shi bai fasa ba. Yakan ce wa masu biki fim ya ƙare, alhali ya ɓoye ɗan abin da ya rage yana jiran damina. Matarsa Rabi'atu ta yi faɗa har ta gaji. Mutanen gari na cewa da ɗan motsi a kansa, amma hakan bai hana su shigowa kallon bangon shagon ba, kowa na neman gonar garinsu.

Ƙaninsa Ɗayyabu a hannunsa ya tashi bayan rasuwar mahaifinsu. Da wannan kyamarar aka yi masa karatu har ya zama malamin makaranta a Kabo. Bayan an ƙaddamar da Shari'a, da aka buga gangar zaɓen kansiloli, sai Ɗayyabu ya fito neman kujerar mazaɓar Garo, mahaifarsu. Ya tara samari, duk inda ya tsaya maganarsa ɗaya ce, gyaran tarbiyya.

A cikin hotunan Mijinyawa akwai wanda ya fi so, ya yi shi babba ya sa a gilashi. Bakin dam ne kusa da Garo, da hantsi, a ƙarshen damina. Ruwa ya cika har ya ci gindin wani gawo, balbelu sun rufe rassansa fari fat. Can ƙasa ta hagu akwai wata mata durƙushe tana wanki, da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali. Girmanta a hoton bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Hoton ya daɗe a rataye babu wanda ya kula da ita.

Wata rana wani magoyin bayan abokin takarar Ɗayyabu ya shigo ɗaukar fasfo. Yana jira ya tsaya gaban hoton, ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya fita. Kafin Juma'a magana ta zagaye Garo: yayan Ɗayyabu yana laɓewa a bakin ruwa yana ɗaukar matan aure ba sutura, yana kai wa Turawa a Kano. Har sunan matar aka kama. Asta ce, matar Ɗanladi mai faci.

Ɗayyabu ya zo shagon da la'asar. Ya durƙusa ya gaida yayansa, ya tambayi gida da yara da jikin Rabi'atu, bai rage komai ba. Sannan ya zauna a benci.

"Yaya, ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji. Ga hoton nan, ka duba da idonka. Gawo na ɗauka."

"Na sani. Amma ba ni za ka gamsar ba. Jiya a Garo ina magana aka tashi aka bar ni."

"To sai in sauke shi daga bango."

Ɗayyabu ya girgiza kai. "Saukewa ba ta isa ba. Sai jama'a sun ga an ƙona, kuma duka. In aka bar ko ɗaya za su ce akwai wasu a ɓoye."

Mijinyawa ya dubi bangon, ya dubi ƙaninsa. "Aikin rayuwata ke nan, Ɗayyabu."

"Itatuwa ne da duwatsu, Yaya. Suna nan inda ka bar su."

Mijinyawa ya ƙi. Ranar kasuwa Ɗayyabu ya dawo da samarinsa cikin mota, suka shiga shagon ba tare da sun jira izini ba. Suka kwashe na bango, suka jawo akwatunan da ke ƙarƙashin tebur, har da dodon hoton da ake wanko wasu da shi, suka tara a bakin titi. Jama'a suka taru. Wani dattijon limami da ke wucewa ya tsaya ya ce shi a iya saninsa hoton abin da ba shi da rai babu laifi a cikinsa.

"Allah gafarta Malam, mun ji," in ji Ɗayyabu cikin ladabi. "Amma fitina muke kashewa."

Limamin ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da tafiyarsa.

Aka zuba kananzir. Ɗayyabu ya miƙa wa yayansa ashana, ya rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Kai za ka kunna. In ka ƙi, ban san abin da yaran nan za su yi maka ba, kuma ba zan iya hana su ba."

Ashanar farko ta karye a hannun Mijinyawa. Ta biyu ta kama. Fim ya riƙa narkewa yana naɗewa, wari ya cika tasha, masu sayar da abinci suka janye farantansu. Ya ga fadamar Kutama ta yi baƙi daga gefe zuwa tsakiya. Bai yi kuka ba. Ya tsaya har wutar ta mutu, domin babu wanda ya ce masa ya tafi.

Hoto ɗaya ne ba a ƙona ba, na bakin dam. Ɗayyabu ya ce hujja ce. Samarinsa suka cire shi daga gilashi, suka zagaye matar da jan biro don kada mai kallo ya sha wahalar nema, suka riƙa yawo da shi ƙauye ƙauye suna nuna abin da ɗan takararsu ya yaƙa ko da a gidansu ne. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Asta ba suka san ta. Ɗanladi ya jure na ɗan lokaci, da ya ga ko faci aka kawo masa sai an yi masa murmushi, sai ya sake ta, ya riƙe yaran.

A cikin makon Ɗayyabu ya sake zuwa shagon, sanye da farar babbar riga.

"Yaya, fasta za a buga mini. Na ga bai kamata in kai aikin wani wuri ba kana nan."

Mijinyawa ya zaunar da shi a kujera, ya gyara masa hula, ya ce ya ɗan ɗaga haɓa. Hoton ya yi kyau. Aka manna shi a kowane bango daga Garo har Kabo.

Da labarin sakin ya iso masa, Mijinyawa ya hau babur ya tafi Gammo, gidan iyayen Asta. Mahaifinta ya karɓe shi a zaure, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya aika aka kira ta. Ba ta shigo ba, daga bayan ƙofa ta tsaya.

"Na zo neman gafara ne," in ji Mijinyawa. "Wallahi ban san kina wurin ba. Ko da na wanke hoton ban lura da ke ba."

Ta ce, "Ni na gan ka ran nan, Malam. Na ga mutum a kan tudu yana kallon tsuntsaye, na ce wannan ba ruwansa da kowa. Shi ya sa ban ɗauki mayafina ba."

"Ki yafe mini."

"Ƙaramin ɗana ko yaye shi ban gama ba. Ka ce ba ka gan ni ba. To yanzu kowa ya gan ni." Ya ji takunta ta koma cikin gida.

Mahaifinta ya miƙe ya naɗe tabarma, Mijinyawa ya gane an sallame shi.

Ɗayyabu bai samu takarar ba. Manyan jam'iyya suka zauna a Kano suka ba wa wani ɗan kasuwa, samarin suka koma bayan sabon ɗan takara. Shi kuwa shagon hoto ya mutu, domin babu magidancin da zai bar iyalinsa su taka ƙofarsa. Mijinyawa ya sayar da kyamarar, ya koma acaɓa tsakanin Gwarzo da Kabo.

Wata safiya ya ga an ɗaga masa hannu a bakin hanya. Ɗayyabu ne, da littattafai a hammata, motar haya ta wuce ta bar shi. Ya gaida yayansa, ya hau baya. Tun daga nan har Kabo yana ba da labarin zaluncin da jam'iyya ta yi masa, da irin wahalar da ya sha, da yadda mutane ba su da amana. Mijinyawa yana tuƙi, idonsa na kan hanya.

Da suka hango makarantar, Ɗayyabu ya taɓa kafaɗarsa.

"Yaya, ajiye ni nan, kada ka kai ni bakin ƙofa. Ɗalibai suna waje."