Guɗar Bikin Shifa

Duk unguwarmu ta Small Heath an san ni da guɗa. In an yi haihuwa ko an kawo amarya, Raki za a nema. Sai ga muƙamuƙina ya tashi yi mini tsiya. In na buɗe baki ya yi ƙas, ciwon ya harba har cikin kunne, wata safiya ma ya ƙage na kasa goge baki.

Likitar haƙori ta ce gaɓar ce ta gaji, wai ina cizon haƙora cikin barci. Ta ba ni roba in riƙa kwana da ita, ta hana ni kilishi da cingam, ta ce ko hamma zan yi in tallafe haɓa. Da na yi mata bayanin guɗa, ta ce wannan kam in manta da ita tukuna. Na dai gyaɗa mata kai.

Bikin Shifa ne ke tafe a Manchester, 'yar marigayiya yayata Zinatu. Ƙanena Falalu ya kira ni da wata shawara mai ban haushi.

"Yaya Raki, please ki huta. DJ yana da guɗa a laptop, dannawa kawai zai yi."

"Uwa ta rasa, ba dangi ba," na ce. "Na'ura ba za ta yi mata guɗa ina raye ba."

Na koma kunu da fate, ni da ba na barin ƙashin kaza. Ina gasa kunci da tawul mai ɗumi, ina motsa baki a hankali gaban madubi yadda aka koya mini. Har surutu na rage, maigidana ya samu hutun da bai taɓa samu ba.

Ranar biki ana shigowa da amarya na ga DJ ya kai hannu. Na riga shi. Na kama hanci na rangaɗa ta, doguwa, har ɗakin taron ya yi tsit. A ta uku muƙamuƙin ya ƙage, zafin ya kawo mini hawaye.

Falalu ya taso da mukullin mota yana faɗa, wai sai asibiti. Amma Shifa ta riga shi isowa, ta yaye lulluɓi, kwalliyarta duk ta jiƙe.

"Anti," ta ce, "wallahi na ɗauka Umma ce ta shigo."

Bakin ya ƙi buɗuwa in amsa mata. Sai na riƙe hannunta, na bar Falalu tsaye yana jira.