Madubin Aro

…kuma wai in yi murmushi. Har murmushin ma sai an tsara mini. "Malama, ki saki fuska idan sun shigo, ki rufa wa sashen nan asiri." Shugaban sashe ke nan, yana ta zufa a bakin ƙofa cikin sabuwar riga. Asiri? Wane asirin ne ya rage, Mama?

Dubi ɗakin gwajin nan. Da kina raye da kin rantse ba nan nake aiki ba. Fenti ko bushewa bai yi ba, har ya ɓata mini farar riga. Famfo na zuba, famfon da tun da aka ɗauke ni aiki gizo-gizo ne ke haya a cikinsa. Ga madubin duba jini a jere reras, ga injin juya jini, ga firji na gurnani. Ko ɗaya ba namu ba ne. Aro. Daga wata makaranta aka kwaso su da safe, aka sa mu kankare tambarinsu da reza.

Masu tantancewa ake jira. Su duba, su rubuta, su ce sashen nan ya cancanci yaye masu gwajin jini ko bai cancanta ba. In suka ce a'a, 'yan ajin ƙarshe ba lasisi, shekarunsu sun bi ruwa. In suka ce e…

In suka ce e, waɗannan ne gobe za a miƙa wa jinin mutum a asibiti. Waɗanda da alli nake zana musu ƙwayar jini a allo. Jan alli, farin alli, shi ke nan gwajinmu. Na baya ma ta taga suke leƙe, aji ya cika ya batse, amma duk shekara sai a ce a ƙara ɗibar ɗalibai, ilimi na kowa ne. Na kowa ne, na yarda. Kujera fa? Wuta fa? Ku ƙara ɗiba, ku buɗe sababbin sassa, ku yi ta ɗaukar hoto a gaban gini — naku 'ya'yan dai ba a nan suke karatu ba.

Zazzaɓin sauro ne, in ji mai gwajin. Kina kan benci, kin jingina da kafaɗata, jikinki zafi rau, ya miƙo sakamako da fara'arsa, shi ma farar rigarsa sabuwa fil. Muka yi ta ɗura miki maganin zazzaɓi, ashe jinin ne da kansa ya lalace. Da aka gano, sai dai addu'a. Na daɗe ina tsine masa a zuciyata. Yanzu kuwa… wa ya koyar da shi? Da alli? Wata irina ce ta tsaya masa a gaban baƙi tana washe baki?

Zan faɗa. Wallahi yau sai na faɗa. Su tambaya kawai.

Ga 'yar Yaya can a layin gaba. Jikarki, wadda kika goya. Tana cikin waɗanda aka zaɓo su tsaya bayan na'urori, hannu a baya, an gargaɗe su kada su taɓa, kada a fasa kayan mutane. Yajin aiki ya riga ya cinye musu shekaru. Yaya kullum a waya, "Ƙanwata, bana dai za su gama ko?" In na buɗe baki aka soke sashen, da wane ido zan kalle shi? In kuma na yi shiru — uwar wa za a kai musu gobe?

Takun takalma a baranda. Sun iso. Babbansu tsohon farfesa ne, tabarau a tsinin hanci. Yana bin tebur a hankali, ya ja ya tsaya a kan madubin ƙarshe, mai tsaguwa a gindi da aka liƙe da salatif. Yana shafa tsaguwar da yatsa kamar mai gaisawa da tsohon sani. Ya san shi. Ya taɓa ganinsa a wani ɗakin mai ɗanyen fenti. Ya kalli shugaban sashe, shugaban sashe na kallon fanka.

"Naku ne, Malama?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Bironsa na tafiya a kan takarda tun kafin in buɗe baki. To wa zan faɗa wa? Duk maganar da na haɗa, duk tafasar da zuciyata ke yi… ashe ni kaɗai na ɗauki abin sirri. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma ba wanda ya tsaya jira. Har sun wuce ɗakin karatu.

Motar kwasar kayan na dawowa da baya a gindin taga. Kwalaye. A yi sauri, gobe ana jiran kayan a wani wuri. An kashe janareta, firji ya yi tsit.

"Gwaggo… Malama. Kafin a kwashe, in leƙa? Ko sau ɗaya."

Na gyaɗa kai. Ta sunkuya, ta kafa ido, ta riƙe numfashi. Ta ɗago tana murmushi.

"Na gani."

Fitilar madubin a mace take, Mama. Ba ko ɗigon jini a ƙarƙashinsa. Me ta gani? Kuma ni… na gaji, ko gyara mata ban yi ba.